Gidan da Aka Haife Ni a Fatakwal, Na Wane Ne?

Kwana biyu ban leƙo na rubuta komai ba, hidimar kasuwa ce ta riƙe ni, domin sabuwar albasa ta fara sauka, kuma duk wanda ya san harkar ya san ba ta jiran mutum. Yau ina so in taɓo wani tarihi ne da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato maganar gidajen da mutane suka gudu suka bari a nan Fatakwal lokacin yaƙin basasa, abin da mutanen gari ke kira Abandoned Property. Ni dai ba a makaranta na fara jin maganar ba, don har na gama sakandare babu malamin da ya taɓa ambata ta. A ƙofar gidanmu ta same ni.

A shekarar 2013 ne, ina ƙaramar sakandare. Gidan da muke haya a Diobu irin tsofaffin gidajen nan ne masu dogon lungu a tsakiya, ɗakuna suna kallon juna, bayan gida da wurin girki a can ƙarshe. Wata Asabar da yamma kakana, wanda muke kira Alhaji Babba, yana zaune a kan benci a ƙofar gida, sai ga wani dattijo mai furfura ya sauko daga mota tare da wata budurwa. Bai yi wa kowa magana ba, ya tsaya yana kallon matakalar shiga gidan. A jikin simintin matakalar akwai lamba 1959 da aka rubuta tun yana ɗanye, mun taso muna taka ta ba mu taɓa tambayar wanda ya rubuta ba. Can sai ya juya ya gaida Alhaji Babba cikin Turancin buroka, ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba rigima ta kawo ni ba. Mahaifina ne ya gina gidan nan. Wannan lambar da yatsana na rubuta ta, ina ɗan shekara takwas. 'Yata nake so ta gani."

Abin da na gani da idona shi ne Alhaji Babba, wanda saboda ciwon gwiwa ko mai gidan hayar ya zo ba ya tashi, ya dafa bango ya miƙe, ya ba mutumin nan benci.

Kafin in ci gaba, mai karatu zai lura ina cewa Ibo, ba ɗaya sunan da aka saba da shi a gida ba. A cikinsu na taso, na san ba sa son sa, shi ke nan dalili.

Fatakwal ba tsohon gari ba ne irin Kano ko Katsina. Turawa ne suka kafa shi wajen 1912 zuwa 1913, suka sa masa sunan Lewis Harcourt, sakataren ƙasashen mulkin mallaka na Ingila a lokacin. Abin da suke so shi ne tashar jirgin ruwa da za su riƙa fitar da kwal ɗin da aka gano a Inugu, kuma a 1916 titin jirgin ƙasa ya haɗa garuruwan biyu. Ina yaro na ɗauka kwal ɗin da ke cikin sunan Fatakwal shi ne wannan kwal ɗin, ashe bakin Bahaushe ne kawai ya lanƙwasa sunan Bature, amma dai an yi dace. Ƙasar da aka gina garin ta mutanen Ikwerre ce da Okrika. Gwamnati ta karɓe ta, ta yanka filaye tana ba da su haya na shekaru masu yawa. Waɗanda suka fi kowa tururuwa zuwa sabon garin kuwa su ne Ibo daga cikin ƙasa, mutanen Owerri da Orlu da Nnewi da Anacha da sauransu. Su ne leburorin tasha, su ne akawuna, su ne 'yan kasuwa, kuma duk wanda ya tara kuɗi sai ya gina gidan haya. Da aka fara yi wa garin magajin gari a shekarun 1950, Richard Nzimiro mutumin Oguta ne ya fara hawa kujerar. Da aka samu man fetur a Oloibiri a 1956, aka kuma buɗe matatar mai a Eleme a 1965, sai fili a Fatakwal ya zama zinariya.

To a nan ne tushen rigimar yake. Ƙananan ƙabilun yankin, Ijaw da Ogoni da Ikwerre da Kalabari da sauransu, suna ganin an mamaye su a ƙasar kakanninsu, sun zama 'yan haya a garin da aka gina a kan gonakinsu. Sun kai kukansu gaban kwamitin Willink a 1957 da 1958 suna neman jiharsu, ba su samu ba. A watan Fabrairun 1966 Isaac Adaka Boro har makami ya ɗauka, ya yi tawayen da bai wuce kwana 12 ba. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka abin da ya biyo baya zallar mugunta ce. Akwai mugunta a ciki, amma akwai tsohon ƙulli a ƙarƙashinta.

Alhaji Babba ya sauka a wannan gari a tsakiyar shekarun 1950, a jirgin ƙasa ta Kafancan da Makurɗi, yana yaron wani mai fataucin wake. Daga baya ya tsaya da ƙafarsa, yana sauke wake da barkono da busasshen kifi, yana lodin manja zuwa Arewa. Ya sayi ɗan fili a hannun wani gidan Ikwerre, aka rubuta takarda aka dangwala yatsa, ya kafa ɗaki biyu na kwano. Ita ce dukiyarsa ta farko a duniya.

Sai 1966 ta zo. Ba sai na maimaita juyin mulkin 15 ga Janairu da na 29 ga Yuli ba. Abin da ba mu cika son faɗa ba, mu 'yan Arewa, shi ne kisan da aka yi wa Ibo a garuruwanmu a watan Mayu, da wanda ya fi shi muni a Satumba da Oktoba, inda dubbai suka mutu, fiye da miliyan guda kuma suka gudo Gabas. Alhaji Babba ya ce yana tashar jirgin Fatakwal ya ga irin mutanen da ake saukewa, daga ranar ya san zama ya ƙare. A garuruwan Gabas ma an far wa 'yan Arewa an kashe wasu, sannan Ojukwu ya ba da sanarwar cewa duk wanda ba ɗan Gabas ba ya fice, don ba zai iya lamunce tsaron ransa ba. Kakana ya kulle ɗakinsa, ya miƙa makulli ga maƙwabcinsa, wani tela Ibo, ya ce masa sai ƙura ta lafa. A ransa wata biyu ne ko uku. Shekara biyar ya yi.

A 27 ga Mayun 1967 Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, ya yanke jihar Ribas daga Gabas, ya ce Fatakwal ce hedikwata, ya naɗa wani matashin hafsan sojan ruwa, Alfred Diete-Spiff, gwamna. Bayan kwana uku Ojukwu ya yi shelar Biyafara, kuma a taswirarsa Fatakwal tana ciki. Wato gari ɗaya, gwamnati biyu kowace na cewa nata ne, kuma shekara guda cur garin yana hannun Biyafara.

Tsofaffin Ikwerre da Okrika da nake hira da su a kasuwa, idan suka ce mamaya, wannan shekarar suke nufi. Tun da sojan tarayya suka kama Bonny ta ruwa a Yulin 1967, sai aka fara zargin duk wanda ba Ibo ba da cewa shi ke nuna wa abokan gaba hanya. Akwai wata kalma da ta yi tashe, sabo, ba Sabon namu ba, gajarta kalmar Turanci ce mai nufin ɗan zagon ƙasa. Idan aka liƙa wa mutum ita, to sai dai wani ikon Allah. An kwashe mutanen wasu ƙauyukan bakin ruwa an kai su cikin ƙasa, wasu ba su dawo ba. Marubuci Elechi Amadi, ɗan Ikwerre, yana cikin waɗanda aka tsare, ya kuma ba da labarin a littafinsa Sunset in Biafra na 1973. Ga toshe hanyar ruwa da ya sa gishiri ya zama abin nema, ga jiragen yaƙi suna ruwan bama-bamai, ga canjin kuɗi da gwamnatin tarayya ta yi a Janairun 1968 wanda ya mai da takardun fam da ke hannun mutane tarkace.

A watan Mayun 1968 rundunar Benjamin Adekunle ta shigo Fatakwal. Kafin su iso, kusan duk Ibon garin sun kwashe abin da kai zai iya ɗauka sun bi hanyar Owerri da Aba. Labarin abin da ya faru a Asaba a Oktoban 1967, inda sojan tarayya suka tara maza suka harbe, ya riga ya kai kunnen kowa, don haka babu mai tsayawa ya gwada sa'a. Dattijon da ya zo gidanmu ya gaya wa Alhaji Babba cewa tukunyar abinci tana kan wuta suka fita, mahaifinsa ya ɗaure takardun gidan a cikin leda ya ɗaura a cikinsa kamar laya. Telan da aka ba makullin kakana shi ma a wannan ayarin ya tafi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Yanzu mai karatu ka auna. Gari mai mutum kusan dubu 180 a ƙidayar 1963, an wayi gari yawancin ƙofofinsa babu kowa a bayansu. Gowon ya fitar da ƙa'idar aikin soja tun farkon yaƙin wadda ta hana wawashe dukiyar farar hula, amma takarda a Legas daban, sojan da ya ga rediyo da keken ɗinki a ɗakin da babu mai shi daban. Hafsoshi suka zaɓi manyan gidaje, ƙananan soja suka shiga na Diobu. Bayansu sai mutanen ƙauyukan ruwa da yaƙi ya ƙone wa matsuguni suka shigo, sai ma'aikatan sabuwar gwamnatin jiha waɗanda ba su da wurin kwana. Mutum ya ga ƙofa a buɗe ya shiga, ya rubuta a bango cewa an kama. Wasu don larura, wasu don haɗama, kuma bayan shekara guda ba ka iya bambanta su.

A 1969 gwamnatin Diete-Spiff ta fito da dokar kula da dukiyar da aka bari, ta kafa hukuma a kanta. A fuska dokar amana ce: hukuma za ta rubuta gidajen, ta karɓi kuɗin haya, ta adana. Amma duba yadda ta fassara dukiyar da aka bari: dukiyar mutumin da garinsu na asali ba a jihar Ribas yake ba, wadda a ganin gwamna ko hukumar mai ita ya bar ta saboda yaƙin ko hargitsin da ya haifar da shi. Wato ba tambayar ko ka gudu ake yi ba kawai, ana tambayar ko kai ɗan ina ne. Ɗan jiha da ya gudu ya dawo ya buɗe ƙofarsa. Wanda aka haifa a Fatakwal amma kakansa mutumin Orlu ne, gidansa ya zama abin da aka bari. Kuma in ka lura, wannan fassarar ba ta tsallake Bahaushe ba.

Yaƙi ya ƙare a 15 ga Janairun 1970, Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi. Ibo suka fara komawa garuruwan da suka baro. Duk wanda ya taɓa asusunsa na banki a ƙarƙashin Biyafara, ko yake riƙe da kuɗin Biyafara, fam 20 aka ba shi komai yawan abin da ya tara, don haka gidan haya shi ne kaɗai jarin da ya rage wa mutane da yawa. A Legas da Kano da Kaduna da Jos, da yawa sun karɓi gidajensu, wasu har da kuɗin hayar shekarun da aka tara musu. Wannan magana ce da 'yan Arewa ke son faɗa da alfahari, kuma gaskiya ce, sai dai ni idan na ji ta nakan tuna cewa mai da gida ga magada bai dawo da wanda aka kashe a Sabon Gari ba, kuma akwai waɗanda suka sayar da gidajensu a wulaƙance a 1966 don su samu kuɗin mota. Amma a Fatakwal ko wannan ɗin ba a samu ba. Mai gida zai zo da takardunsa a ce masa ya je hukuma, hukuma ta ce ya dawo. Wasu ma tsoro bai bar su sun kwana a garin ba.

A 1972 jihar ta ƙara da wata dokar da ta ba ta ikon soke hayar filayen gwamnati, wadda sai a 1982 Kotun Ƙoli ta ce ba ta halatta ba. Lauyan da ya fi yin suna wajen tsaya wa masu gidajen shi ne Sam Mbakwe, wanda ya zama gwamnan Imo a 1979. Da Murtala ya hau mulki a 1975 aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Kanar Daramola, daga baya aka kafa na aiwatarwa ƙarƙashin wani Manjo mai suna David Mark, wanda ya zo ya zama shugaban majalisar dattawa daga 2007 zuwa 2015. An mai da wa wasu gidajensu, amma mafi yawa sayar da su aka yi, galibi ga 'yan jihar, a farashin da masu su suka ce bai kai ya kawo ba. Sannan a Satumban 1979, kwanaki kaɗan kafin soja su miƙa mulki ga Shagari, aka sa hannu a doka mai lamba 90 wadda ta ce duk cinikin da kwamitin ya yi halattacce ne, ta kuma rufe ƙofar ƙara a kansa. Da alƙalami ɗaya aka gama shari'ar dubban mutane.

Har shi kansa Ojukwu bai tsira ba. Bayan Shagari ya yi masa afuwa ya dawo a 1982, ya shiga gidan mahaifinsa a Ikoyi, gwamnatin sojan Legas ta turo 'yan sanda da makamai suka fitar da shi alhali magana tana kotu. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi wa gwamnatin kaca-kaca a kan haka. To shi Ojukwu ne, yana da lauyoyi da 'yan jarida. Mai gida ɗaya a Diobu fa?

Ko sunayen unguwanni rigimar ba ta bari ba. Wuraren da tsofaffin taswirori suka rubuta da Umu a farko, bayan yaƙi suka koma Rumu, irin su Rumuokoro da Rumuomasi, Obigbo kuma ta koma Oyigbo. Ibo zai ce maka an goge sawunsu ne, ɗan Ikwerre zai ce maka dama Rumu ne a bakinsu, an dai gyara kuskuren rubutu. Na taɓa ganin an kusa dambe a kan wannan harafi guda a cikin motar haya.

Alhaji Babba ya dawo a 1971. Inda ɗakinsa na kwano yake, ya tarar da ginin bulo har an kai linta. Wanda ke ginin ya nuna masa takarda mai hatimi, shi kuma tasa mai dangwalen yatsa ce kawai, ba a taɓa yi mata rajista ba. Ya yi ta zirga-zirga a wani ofishi kusan shekara biyu, har wani akawu ya ji tausayinsa ya ce, "Malam, masu gidan bene da lauya ma ba su samu ba, ka je ka nemi abincinka." Ya haƙura. To amma ina zai kwana? Aka nuna masa ɗaki a wani gida mai araha ƙwarai, saboda mai shi ba ya nan. Shi ne gidan da aka haifi mahaifina, aka haife ni. Bayan wasu shekaru aka ce an sayar da shi, sabon mai gida ya zo ya ƙara kuɗin haya, aka ci gaba da zama.

Wannan shi ne wurin da maganar ke yi mini nauyi. Na taso ina jin labarin a matsayin mu aka zalunta, an cinye mana fili. Ban taɓa kawo wa raina cewa jarin da Alhaji Babba ya sake tarawa, wanda mahaifina ya gada, wanda da shi aka biya mini kuɗin makaranta, arahar hayar gidan wani ta taimaka wajen tara shi ba. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Hausawa da yawa sun biyo bayan soja suna sayar musu da nama da goro da taba, suka samu rumfuna da ɗakunan da babu mai tambaya. Mahaifina ya gaya mini abin ya taɓa damun Alhaji Babba har ya je ya tambayi wani malami ko sallar da yake yi a gidan ƙwace ta yi. Malamin ya ce salla ta yi, alhakin ƙwace yana kan wanda ya ƙwace, amma in ya samu hali ya tashi. Hali bai samu ba, ko kuma sabo ya hana, Allah ne masani. Ni ban isa in yanke masa hukunci ba, ga shi ni ma har yau a nan nake kwana.

Ranar da dattijon ya zo, sun fi awa guda suna magana. Alhaji Babba ya aike ni na sayo lemo, ya kuma sa na ɗauko masa wani tsohon gwangwanin alewa daga ƙarƙashin gado, ya fito da takardarsa mai dangwalen yatsa ya nuna masa. Mutumin ya karanta, ya yi wata 'yar dariya, ya ce su ma tasu tana nan a akwati a Owerri, mahaifinsa ya rasu a 1984 yana cewa kada a yar. Ya tambaya ko bishiyar mangwaron tsakar gida tana nan, aka ce an sare ta tun kafin a haife ni. Ya nemi ya leƙa ɗaki na uku a hannun dama, mai ɗakin ba ta nan, ta kulle. 'Yarsa ta ɗauki hoton matakalar da wayarta, suka shiga mota.

Da labari ya kai ga mai gidan, washegari ya zo yana faɗa, wai don me za mu bar baƙo ya ɗauki hoto, ko so muke a kai shi kotu. Alhaji Babba ya ce masa, "Oga, matakala kawai ya ɗauka." Ba a yi wata biyu ba aka kawo mai aiki ya shimfiɗa tayil a kanta. Alhaji Babba ya rasu a 2016, gwangwanin yana hannuna yanzu, kuma duk wanda ya zo gidanmu zan iya nuna masa daidai tayil ɗin da lambar take ƙarƙashinsa, na biyu ne daga hagu.